Tunda Ba Abin da Kike Yi

Kowa a gidanmu ya yarda Auta ba ta da ƙwaƙwalwa. Baba ya yarda, Umma ta yarda, Gwaggo kuwa, yayar Baba da ke zaune tare da mu, har dalili ta samo, wai ta taɓa faɗowa daga gado tana jaririya. Duk ba haka ba ne. Kan yarinyar nan lafiyarsa lau. Matsalar a wurinmu take, mu manyan gidan, har da ni mai wannan rubutu.

Auta ƙanwata ce, shekararta goma, tana aji biyar. Ƙarshen zango na biyu ta kawo sakamako, mutum uku kawai ta fi a ajin, malaminsu kuma ya rubuta cewa in ba ta gyara ba za ta maimaita. Baba ya ninke takardar ya ce shi ya gaji da zuba ruwa a rariya. In ta maimaita, ta zauna gida ta taya Umma suyar awara, Islamiyya ta ishe ta.

Ba wai iyayena ba su yi ƙoƙari ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Baba da kansa ya je Ƙofar Dumi ya sa kafinta ya yi mata ɗan tebur da kujera. Umma ta karɓo mata rubutu tana sha kowace safiya. Maƙwabta sukan shigo su shafa teburin su ce ai iyaye sun fita haƙƙinta, saura ita.

Da ban gurɗe a ƙafa ba, da har yau ina cikin masu faɗin haka. Na zame a bakin rijiya, na yi kwana huɗu ban je shagon da nake koyon ɗinki ba. Ranar Alhamis, da yake babu Islamiyya, ina kishingiɗe a tabarma a tsakar gida, Auta ta dawo boko, ta ci abinci, ta zauna a teburinta ta buɗe littafin lissafi. Rabawa aka ba su.

Ko lambar farko ba ta gama kwafa ba Umma ta leƙo daga madafa.

“Auta, tunda ba abin da kike yi, ɗauki waken nan ki kai niƙa.”

Ta tafi, ta dawo, ta zauna, ta soma daga farko.

“Ke 'yar nan,” in ji Gwaggo daga ƙofar ɗakinta, “tunda a zaune kike, karɓo min goro. Fari, ba irin na jiya ba.”

Ta dawo da goron, sai ga yayanmu, saurayi mai ƙafa biyu lafiyayyu, ya miƙa mata waya ta kai caji bakin titi. A nan ne, don zaman banza kawai, na jawo wani tsohon gwangwanin madara, duk aiken da aka yi mata na jefa tsakuwa ɗaya. Ashana. Mayar da kwanon maƙwabta. Komawa wurin mai goro don ja ya bayar. Karɓo wayar. Kowane aike da irin gabatarwarsa, amma ma'anar ɗaya ce: yaro da littafi a gabansa, a idonmu, yaro ne da ba ya komai.

Wajen la'asar zafi ya dame ni, na ji bakina yana cewa, “Auta, ɗan sayo min ƙanƙara mana, tunda…” Ban ƙarasa ba. Ta riga ta soke fensir a ɗankwalinta ta miƙo hannu. Na jefa tawa tsakuwar, kunya kamar ta kashe ni. Sai na tuna matar da ke haya a gidan da ke kallon namu, ma'aikaciyar asibiti, Kirista daga kudancin jiha, wadda 'yarta ajinsu ɗaya da Auta. Na taɓa leƙawa zan aiki yarinyar, uwar ta ce min da irin Hausarta, “Yana karatu. In ya gama zai zo.” Na fito ina gunaguni, har na ba Umma labari muka yi ta cewa ta sangarta 'ya.

Da aka kira magariba na sa Auta ta kawo min littafin. Lissafi ɗaya ne a shafin, an goge shi an sake har takardar ta kusa hujewa, ba a kai ƙarshensa ba. Tsakuwa goma sha ɗaya ce a gwangwanin.

Baba na dawowa daga masallaci na ɗingisa na juye su a gabansa.

“Wannan fa?” ya ce. “Dara za mu yi?”

“Aiken da aka yi wa Auta ne, Baba, daga azahar zuwa yanzu. Ɗaya nawa ne.”

Gwaggo ta taɓe baki. “Mu da ake aikenmu har Inkil a ƙafa, mun mutu?”

“Ba ku mutu ba, Gwaggo. Amma ba wanda ya jira ku da takardar jarrabawa da kuka dawo.”

“Ji bakinta,” in ji yayanmu. “Kwana huɗu a kwance ta zama hedimasta.”

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ce, “To in ba a aiki yaro ba, wa za a aika? Ni zan bar mai a wuta in fita?”

Wannan gaskiya ce. Baba ya tattara tsakuwar gefe da bayan hannunsa ya ce aike tarbiyya ne, kuma mai ƙwaƙwalwa ko a kan hanya yana karatu. Na buɗe baki zan ce to shi ya gwada lissafi a kan hanyar Gwallaga tsakanin keke da babura, sai Auta ta ja min zani.

“Adda, ki bari,” ta ce a hankali. “Ni ce ba na ganewa.”

Wannan maganar ta fi ciwon ƙafar zafi. Mun hana ta zama, mun saya mata tebur don mu wanke kanmu, sannan mun yi ta faɗa mata ita ce daƙiƙiya har ta haddace. Wannan karatun dai ya shiga, don shi kaɗai ne aka bar ta ta maimaita ba a katse ta ba.

Sai na sake dabara, don a gidanmu gardama da manya ba ta taɓa motsa ko tsinke. Saura mako bakwai jarrabawa. Gobe zan roƙi uwar ɗakina a shago ta riƙa sallamata da wuri. Teburin zai koma ɗakina, Auta a ciki, ni a bakin ƙofa da ɗinkin hannuna. Duk wanda ya kira sunanta, ni zan amsa. Goro ne, ashana ce, caji ne, ni zan sa mayafi in je, da ɗingishina. Ina so in ga kwana nawa Baba zai jure ganin budurwar 'yarsa tana zarya a layi sau goma sha ɗaya kafin gidan nan ya koyi tara aikensa wuri ɗaya.