Taku Arba'in da Ɗaya

Ku da kuke sayar da 'yan tocilan zamanin nan masu harba jan ɗigo, kuna rantsuwa da lambar ƙarfin da aka buga a kwali, ku matso ku ji. Ni dai har gobe ban manta da ranar da akuya ta kusa raba ni da aikina ba.

Farkon shekarun 1980 ne, da kaka, ina ƙaramin mai jiran kanti a shagon Alhaji Ɗanjuma a Funtua. Rediyo muke sayarwa, da batir, da tocila. Wata uku na gwaji aka ba ni, saura mako biyu in cika. Dokar Alhaji ɗaya ce: sabon kaya, sai an gwada shi kafin a buɗe baki a yabe shi.

Sai ga katan na sababbin tocila ya iso, Alhaji yana Kano. Jajaye, masu batir uku, an rubuta a kwalin wai haskensu yana kai yadi ɗari biyar. Ni kuwa da 'yar bokona ta firamare na karanta, kaina ya kumbura. Gwajin me kuma? Ai a rubuce yake! Na kwashe su sai kasuwar Bakori, ina ta shela: "Daga nan ka hasko ɓarawo a Dandume!"

Cikin masu saye har da Malam Bitrus, wani dattijo mutumin Malumfashi da ke gadin siton auduga a Funtua. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, ka gani da idonka?" Na ce, "Baba, da idona." Allah Ya yafe mini, ko batir ban sa mata ba.

Bayan kwana huɗu, Alhaji ya dawo, sai ga Malam Bitrus da rana tsaka yana janye da farar akuya. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi mu biyo shi zuwa siton da yake gadi. Siton dogo ne, ba taga, in an ja ƙofa ko tafin hannunka ba ka gani. Ya ɗaure akuyar can ƙurya, ya dawo ya miƙo mini tocilar.

"To, nemo mini akuyata. Siton nan bai kai yadi ɗari ba."

Na kunna. Ina jin kukan akuya, amma ko ƙahonta ban gani ba. Na girgiza tocila, na bubbuga ta. Alhaji ya ce, "Matsa gaba." Na yi ta matsawa, gumi na karyo mini. Da na hango ta, Malam Bitrus ya ce in tsaya, ya ƙirga taku daga ƙafata zuwa akuya. Arba'in da ɗaya.

Nan take na fara hango kaina da fartanya a gonar babana. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kwalin ne..."

Alhaji ya ce, "Kwalin ne ya je Bakori?"

Malam Bitrus ya ce, "Alhaji, kar ka kore shi. Tocilar ba ta da laifi. Da an gaya mini iyakarta, da na san inda zan aje kujerata. Amma kwana uku ina zaune a ƙofa ina zaton na ga ko'ina, ashe rabin audugar mutane ba mai gadinta."

Wannan maganar ta fi mari zafi, wallahi.

Alhaji ya ba ni biro. Kowane kwali na soke ɗari biyar, na rubuta "taku 41". Ranar kasuwa ya tura ni Bakori, daidai inda na yi shelar farko, in faɗi gaskiyar iyakar hasken da bakina. Mutane suka yi ta dariya, wani yana tambayata labarin ɓarawon Dandume. Amma kafin la'asar katan ya ƙare, don manomi yana son ya san abin da ya riƙe. Tun ranar ba wanda ya ƙara kirana Sale; Taku Arba'in ya bi ni har na yi ritaya.

Abin da na koya ke nan: mai saye ba lamba yake saye ba, bakinka yake ɗauka ya tafi da shi gida. Don haka kafin ku karanta wa mutum abin da ke kwali, ku tambayi kanku ko kun gani da idonku. In ba ku gani ba, ku ce ba ku gani ba, tun kafin a zo muku da akuya.