Fuskar Inna a Cikin Farin Hijabi

Inna ta daɗe da yanke hukunci cewa hoto ba ya son ta, kuma ba a banza ta faɗa ba. Mahaifiyata baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, kuma tun da ta sauke farali ba ta sa hijabi sai fari. Duk hoton da aka yi mata a biki ko suna, za ka ga hijabi fes, ka ga haƙorin Makka in ta yi murmushi, amma fuska babu, sai ka ce an rataye hijabin a ƙofar ɗaki mai duhu. Sau ɗaya ƙanena ya kai ta shagon hoto, mai shagon ya ce zai gyara. Ya gyara kuwa. Ya mai da ta fara sol, ya goge zane uku-uku da ke kumatunta. Ta duba, ta miƙa wa ƙanena, ta ce ya mayar wa masu ita, ita ba ta san matar ba.

Wata biyu ta yi a gidana a Kurudu lokacin da aka yi mata aikin ido. Ni kuwa a lokacin na sayi kyamara ta hannu wurin wata abokiyar aikina a ma'aikatarmu, ina ta rawar kai da ita. Har awakin maƙwabta ba su tsira ba. Ranar Alhamis likita ya sallami Inna, ta ce Lahadi sai gida, damina ta yi nisa, gonarta na hannun mutane. Shekarunta sun ja, kuma a kaf danginmu babu hoto ko ɗaya da za a nuna wa jika a ce ga kakarka.

Da ƙyar na shawo kanta. Ta ce, "Sau ɗaya. In bai yi ba, kada ki ƙara yi min maganar hoto."

Ranar Asabar da azahar na fito da ita tsakar gida, na tsayar da ita tana fuskantar rana. Haka muka taso muna yi, baƙin mutum a ba shi rana sosai ko ya fito. Baiwar Allah ta tsaya tana ƙifta idon da aka yi wa aiki, zufa na bin goshinta. Na ɗauka, na duba: ga hijabi, ga goshi yana walƙiya, idanu kuwa rami biyu. Raina ya ɓaci, kamar in buga kyamarar da ƙasa.

"Anti, gasa Mama za ki yi?"

Maƙwabciyata ce, tana shanya, ta leƙo ta saman katanga. 'Yar Filato ce, sana'arta ɗaukar hoto a bakin coci da wuraren biki. Ta zagayo ta karɓi kyamarar, ta duba, ta kwashe da dariya. Ta ce, "Wannan abu ba shi da hankali. Yana ganin farin hijabi, yana ce haske ya yi yawa, sai ya rufe ido. Fuskan Mama ne yana shan wahala. Bari rana ya sauka."

Inna ta ce ai sau ɗayan ya wuce. Maƙwabciyar ta durƙusa ta ce, "Haba Mama, wannan gwaji ne, ba a ƙirga shi." Inna ta harare ta, ta shige ɗaki. Amma ba ta ce a'a ba.

Bayan la'asar muka sake fitowa. Na nufi gindin mangwaro da kujera, maƙwabciyar ta ce ganye zai mai da fatar Mama kore-kore. Ta ajiye kujerar a inuwar katanga, inda babu komai a sama sai sarari. Sannan ta ce in kawo mata wani abu mai ƙyalli. Na shiga kicin na rasa, sai na ɗauko babban tiren da Inna ta sa min a kayan aure. Ta tsaya daga inda rana ke sauka, tana karkata shi a hankali, har hasken ya taso daga ƙasa ya kwanta a fuskar Inna.

Ta ce in auna hasken a kan kumatu, in manta da hijabi, in ƙara kaɗan. Na ce hijabin zai yi fari da yawa. Ta ce, "Ya yi mana. Hijabi ne ya haife ki?" Da na gwada, fatar ta fito amma ta yi toka-toka. Ta sa na ajiye kyamarar kusa da bayan hannun Inna, ina murza maɓallin launi ina kwatantawa, har launin da ke ciki ya zo daidai da na hannun.

Inna dai ta sha kunu kamar mai jiran allura, sai idonta ya faɗa kan tiren. Ta ce, "Ke, tiren da na yi adashi na saya miki ne ake haska ni da shi kamar ɓarauniya?" Ita da kanta ta fashe da dariya. Nan na danna.

Na kai mata ta gani. Ta riƙe kyamarar da hannu biyu, ta matso da ita kusa da ido. Ga baƙin nan nata mai sheƙi, ga zane uku-uku, ga 'yar tawadar Allah a gefen hanci. Ta daɗe tana kallo, har na fara tsoron wannan ma za ta ce a mayar wa masu ita. Sai ta sa yatsa ta shafa zanen da ke cikin hoton.

Ta ce, "Wannan ai Iya ce."

Iya ita ce mahaifiyarta. Ta rasu Inna tana ƙarama, kuma ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Maƙwabciyata ta sauke tiren. Daɗi ya cika ni, hawaye kuma suka zo min lokaci guda.

Inna ta goge idonta da gefen hijabi, ta miƙo min kyamarar. Ta ce, "A wanke min biyu kafin gobe. Ɗaya zan kai wa ƙanwata. Tana goye aka rasa Iya, ba ta san kamanninta ba."