Katin rijiyar da ke komawa baya ran kasuwa

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba in na miƙe, na riƙe shugabancin masu haƙar rijiya a wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke aiki a ƙauyukan da ke tsakanin Keita da Buza. Ni ba mai karatu ba ne. Lakkwal ɗin ma, makarantar boko, ban daɗe ba mahaifina ya ce gona ta fi malam buƙatata, daga gona kuma sai cirani. Abin da na sani ƙasa ce. In na murza ta a tafin hannu na san wadda za ta tsaya da wadda za ta rufta da mutum. A cikin wannan aikin aka damƙa mini waya mai shafawa, da wani abu a ciki da suke kira aplikasiyo, aka ce daga yau da shi za a riƙa bin aiki.

A ido abin ba wuya. Allo ne mai ɗaki uku: na aikin da ba a taɓa ba, na wanda ake ciki, da na wanda aka gama. Kowane aiki yana da katinsa, da yatsa kake jan shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Duk mako biyu manyan biro, wato ofishinmu na Tawa, sai su zauna su dubi allon, su yanke abin da za a yi a mako biyu masu zuwa, da ƙauyen da kamiyo, babbar motar furoje, zai kai wa kaya. Dokarsu ɗaya ce: ba a sakin zoben siminti, wato waɗanda ake jerawa a gindin rijiya don kada yashi ya zubo, sai katin haƙa ya shiga ɗakin an gama. Ban ga laifinsu ba. Kafin zuwan allon an sha kai kaya inda ba a shirya ba, wasu kuma suna can suna jira.

A shekarar muna haƙa a wani ƙauye bayan Tamaske, cikin kwari, inda babu rezo, wato sabis ɗin waya, ko na rantsuwa. Matan garin tafiyar rabin yini suke yi da jakuna kafin su samo ruwa. Wanda ke riƙe da masu haƙa a wurin abokina ne, ɗan garin, tare muka ci wuyar cirani a Abijan, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Mun kai ruwa ana saura kaɗan damina ta faɗi. Sama mun ɗaure ta da siminti, gindin ne ya rage, kuma gindin yashi ne zalla. In ruwan sama ya riga zoben zuwa, abu biyu za su faru: ƙorama ta yanke hanya kamiyo ya kasa shiga, gindin kuma ya zube, wahalar rani guda ta tafi a banza.

Ran da muka ga ruwa na hau babur na fito tudu inda ake samun rezo, na ja katin zuwa ɗakin an gama, na koma gida ina jin kaina kamar gwamna. Aka yi zaman biro, kamiyo ya tafi wani gari. Na kira shef ɗinmu, shugabanmu na biro, ina huci. Ya ce mini, cikin sanyin muryar nan tasa mai ƙona rai, katina yana ɗakin ana ciki, in buɗe in gani. Na buɗe. Ga shi nan zaune tsakiya kamar ba a taɓa shi ba.

Na ce ƙila yatsana ne, don fatar hannun mai haƙa ba ta shiri da gilashi. Na sake jan shi, na zuba masa ido har na tabbata ya zauna. Kwana kaɗan na duba, yana nan. Mako ya zagayo na duba, ya koma tsakiya.

Daga nan na shiga abin da kowa ke yi in waya ta yi gardama. Na kashe na kunna. Na cire sim na hura na mayar. Mai gyaran waya a tashar Buza ya ce aplikasiyon ya tsufa, ya sabunta mini. Wani ya ce waya ta cika, na goge hotunan sunan ɗiyata, har yau uwarta ba ta yafe mini ba. Aka goge aplikasiyon gaba ɗaya aka sake sa shi. Kati bai fasa komawa ba. Matata ta ce in kai wayar a yi mata tofi, na ce ta bar ni da abin da ke damuna, amma kada in ɓoye muku, na yi tunanin abin.

Shef ya fara yi mini wani irin kallo. Ya ce allon yana rubuta duk wanda ya taɓa kati, kuma sunana ne a wurin: ni na kai, ni na maido. Ya tambaye ni ko dai ba mu kai ruwa ba ne nake jin kunyar faɗa. Mutum ya yi furfura a cikin rami, a ce yana ƙaryar ruwa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace la'asar, ga saura zama ɗaya a biro kafin hanya ta rufe.

Sai wani direban furoje ya ce mini akwai wata madam a Tawa da aikinta ke nan, taimakon waɗanda aplikasiyo ya ƙi wa. Na aika mata saƙon murya mai tsawo, rabinsa zagi ne ga wanda ya ƙera abin. Ta bari na huce ta kira ni. Ba ta ce in kashe in kunna ba, Allah ya saka mata. Ta ce in ɗauki hoton fuskar wayar in turo, sannan ta nuna mini wani ɗan wuri a jikin katin da in ka taɓa sai tarihinsa ya fito, ba suna kaɗai ba, har da rana. Ta ce in bar kallon suna, in dubi ranakun, in gaya mata ina nake a waɗannan ranaku.

Na duba da kyau. Duk komawar da katin ya yi, ran kasuwar Tamaske ce, da hantsi. Ni kuwa ran kasuwa ba na ko buɗe abin, ina wajen sayen igiya da cefanen ma'aikata.

Ta ɗan yi danne-danne, sai ta ce ai waya biyu ke shiga da sunana. Ta tambaye ni wa na ba kod ɗina, wato kalmar sirrin da nake shiga da ita. Na ce ba kowa. Sai na tuna. Ran da aka raba wayoyi, abokina ya ce shi ba zai iya haddace waɗannan baƙaƙen ba, in sa masa nawa, ai duk abin ɗaya ne. A wurinmu abin ba komai ba ne. Mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya ba za su rabu a kan kod ba. Amma na ce mata ba shi ba ne, ba zai yiwu ba, shi ya fi kowa son zoben nan, uwarsa ma tana cikin masu bin jakuna. Ta ce ba ta ce shi ne ba. Mu canza kod ɗin kawai, wayar da ke shiga za ta tsaya a ƙofa, mai ita zai nemo ni da kansa.

Haka aka yi. Ran kasuwa ina zaune a rumfar mai shayi, sai ga abokina ya taho yana share gumi, waya a hannu. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce abin nan ya ƙi buɗewa, in duba masa da sauri, yana da gyaran da zai yi. Na ce wane gyara.

"Wani jaki na a biro," in ji shi, "kullum na hito kasuwa sai in iske ya kai rijiyarmu ɗakin an gama. Ni ko in maishe ta. Na gaji da shi, wallahi."

Na ajiye kofin shayina. Na ce, "To ga jakin nan gabanka, zauna."

Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da ruwan zafi a ƙafarsa. Ni ban yi ba. Na wanke abokina tas, na ce saboda shi an ce mini maƙaryaci, saboda shi kamiyo ya wuce mu, in rijiya ta zube shi zai tsaya gaban matan garinsu ya yi bayani. Ashe bai san allon ɗaya ba ne a duk wayoyin. Ya ɗauka nasa nasa ne, na biro na biro, wani ne kawai ke yi masa shisshigi. Bai kuma san kamiyo a kan katin yake jira ba, don ni ke magana da biro, shi yana cikin rami.

Da na tambaye shi dalilin maido da katin, sai ya sassauta murya. A garinsu, tun kakanni, ba a cewa an gama rijiya, ba a kuma shan ruwanta, sai tsohuwar gidan da suka sari garin ta jefa guga ta ɗebo na farko da hannunta. Tsohuwar kuwa mijinta ya rasu a ranin nan, tana cikin takaba, ba ta fita. Ya ce shi Musulmi ne, yana salla, bai ce wani abu zai faru ba. Amma ba a kansa za a fara shelar an gama rijiya har Tawa alhali tsohuwa ba ta ɗiba ba. In ruwan ya yi ɗaci ko ya ja baya, sunansa za a riƙa kira har jikoki.

Nan na ga ba taurin kai ba ne, kuma ban isa in ce ya taka abin garinsu ba. Na sake kiran madam a gabansa na zayyana mata. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce matsalar ita ce an cusa aiki biyu a kati ɗaya, kuma ba a taɓa zama an yarda da abin da ake nufi da gamawa ba: biro na nufin an kai ruwa, gari na nufin an ɗiba. Ta ce a raba. Kati ɗaya a rubuta haƙa ya kai ruwa, shi kamiyo zai bi. Na biyu a rubuta ɗiban farko, a bar shi a hannun abokina, ba mai taɓa shi sai shi. Ta buɗe masa nasa kod ɗin, ta ce ya zaɓi abin da ba zai manta ba.

Abokina ya ce bai ƙi ba, amma sai an tambayi tsohuwa. Muka bar cefanen a rumfa muka hau babur. Muka same ta a ɗaki kan tabarma, muka durƙusa daga bakin ƙofa muka yi mata gaisuwar rashi. Abokina ya yi ta kewaye-kewaye, har na gaji na faɗa mata kai tsaye: Inna, ana so a sa zobe a gindin rijiya kafin ruwa, ko akwai laifi tun da ba ki ɗiba ba?

"Ni ruwa anka ce in hwara ɗiba," in ji ta. "Ba a ce in tare yashi da hannuna ba. Ku tahi ku sa abinku, ƴan nema. Kada dai wanda ya sha."

Da yammar nan muka hau tudu mu biyu. Na ja katin haƙa zuwa ɗakin an gama, shi ya tsaya a kaina yana kallo, ya tabbata nasa katin yana tsakiya ban taɓa ba. Madam ta shiga zaman biro da kanta ta yi bayani. Kamiyo ya iso ana iska mai ƙanshin ruwa, muka sauke zoben, gari duka ya fito jan igiya, har limamin ya naɗe riga. Mun jera na ƙarshe ba da jimawa ba sama ta buɗe. Ƙorama ta kawo, hanya ta yanke har bayan girbi. Na leƙa rijiyar da safe, ko ƙwayar yashi ba ta zubo ba. Muka rufe bakinta da itace da ƙaya, mata suka ci gaba da tarar ruwan sama, ba wanda ya sa guga.

Abin da na koya nake gaya wa duk wanda aka damƙa wa irin wannan allon. Kada ka ba kowa kod ɗinka, ko da nono ɗaya kuka sha, don ran da abu ya lalace allon ba zai iya gaya maka wa ya taɓa ba. In abu yana maimaita kansa, kafin ka goge hotunan ɗiyarka, buɗe tarihin ka dubi ranar. In za ka nemi taimako, tura hoto, ka rage zagi. Babban kuma, kafin a fara aiki a zauna da masu wurin a tambaye su yaushe ne su suke cewa an gama. Na kai wannan maganar zaman biro, aka karɓa. Daga shekarar duk rijiyar da furojen ya haƙa da kati biyu take fita, kuma akwai garuruwan da na biyun sadaka ce, wasu addu'ar liman, wasu ba su da komai sai a goge shi.

Ran da tsohuwa ta fita takaba ina wurin. An riƙo ta har bakin rijiya, ta ture hannun masu riƙon, ta jefa guga da kanta. Ta daɗe tana ja, ba wanda ya isa ya kama mata. Da ya fito ta kurɓa, ta juya shi a baki. Sannan ta miƙa wa matar da ke kusa da ita ta ce a kai wa jakuna su ma su sha, sun fi kowa wahala a garin nan.