Azumin da Yaya ya ajiye maganin idonsa

Jira ne ya cinye wa Yayana idonsa na dama. Da ya fara gani dishi-dishi, kowa a ƙauyenmu na ƙasar Zango ya ce yanar ido ce, ita kuwa yana ba a taɓa ta sai ta nuna. Haka muka taso muka ji: a bar ta ta rufe ido, ta yi fari fat, sannan a je a cire. Ya zauna yana jira, ba ta yi farin ba. Ni a shekarun nan ina Jidda ina yi wa alhazai tafinta, labarin kawai nake ji.

Shekarar da na dawo na zauna a Daura, masu aikin ido kyauta suka zo gari. Yaya ya shiga layi da murnarsa. Da aka haska, sai aka ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. Ruwan cikin idon ne ke taruwa yana danne jijiyar gani har ya kashe ta, kuma wadda ta mutu ta mutu ke nan. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu an tarar da saura. Suka ba shi maganin ɗigawa, safe da rana da dare, suka ce har ƙarshen rayuwarsa.

Ya riƙe maganin da kyau, har azumi ya kama.

A lokacin Shari'a ta riga ta zauna a jiharmu, mutane sun ƙara tsananta wa kansu. Ko'ina ka zauna fatawa ake yi, a rediyo, a majalisa, a tashar mota: allura na karya azumi? Asuwaki fa? Turare fa? Ba wanda ke son a ce azuminsa da tangarɗa. Azumin shekarar ya faɗo cikin damina, gero ya kai kafaɗa.

Matar Yaya ce ta sa aka kira ni a waya. Tun tana amarya muke wasa da ita, amma ranar ba wasa a muryarta.

"Ƙaramin maigida, ka zo ka ji da ɗan'uwanka. Tun farkon azumin nan ya daina ɗiga maganin."

Na hau acaɓa na isa da hantsi. Na same shi zaune gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ta gefensa na hagu na ɓullo, gefen idon mai gani, har na zo dab da shi bai juyo ba. Sai da na tsaya a gabansa sosai ya ɗago.

"A'a, Auta. Kai ne kake sanɗa kamar ɓarawon kaji?"

Na haura sittin a lokacin, amma a bakinsa Auta nake. Muka gaisa, na zauna.

"Yaya, ina kwalbar?"

"Tana nan lafiya lau. Na ajiye ta sai bayan Sallah."

"Ai cewa aka yi kullum."

"Su suka ce. In na ɗiga, kafin in miƙe ɗacinsa ya sauko mini maƙogwaro, ɗaci kamar maɗaci. Abin da ya kai maƙogwaro kuwa ya karya azumi. Ko a Jiddar taku an canja?"

Na ce to na dare fa, da na sahur? Ya ce ya gwada na sahur, har rana ta fito yana jin ɗacin a harshensa, bai san ko ya yi azumin ranar ko bai yi ba. Na daren kuwa, shi kaɗai me zai yi? Magani in ba za a yi shi cikakke ba, gara a bari sai an samu sarari a yi shi da kyau.

Na shiga kawo masa abin da na gani. Na ce a Umdurman na zauna da wani tela wanda yake ɗiga maganinsa da rana tsaka a cikin masallaci, cikin azumi, ba mai kallonsa. A Jidda malaman da na saurara suna ganin ido ba hanyar abinci ba ce. A Damagaram kuwa ra'ayinsu irin namu ne, amma ko can ban ga wanda ya bar idonsa ya lalace ba. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ka zaga duniya ka tsinto mana addini mai sauƙi," in ji shi. "Mu nan abin da muka karanta shi muka sani."

Bayan Azahar na ja shi wurin limaminmu, wanda a gabanmu aka haife shi. Ya saurare mu da ladabi. Ya ce, "Baba, kiyaye ido wajibi ne. Ku ɗiga. In kun ji shi a maƙogwaro, sai ku rama ranar bayan Sallah."

Yaya ya ce, "To, Malam. Ranar da zan rama, zan ɗiga ko ba zan ɗiga ba?"

Kafin liman ya amsa, Yaya ya ƙara da cewa:

"Maganin nan har mutuwa aka ce. Ramuwar ma sai na rama ta ke nan."

Liman ya ce in haka ne akwai ciyarwa, kamar yadda aka sauƙaƙa wa mai ciwon da ba ya warkewa. Nan fa Yaya ya ɓata rai. Ya ce shi ba majinyaci ba ne. Ina ke masa ciwo? Ko jiya ya yi maimai a gonarsa har rana ta take. Tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, sai yanzu da ƙafarsa ɗaya ke kabari za a ce ya zauna a layin gajiyayyu?

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan game da wannan cuta. Da tana ciwo, da ta taimake ni. Da idon ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya hana shi barci, da shi da kansa zai nemi kwalbar. Amma ba ta ciwo. Daga gefe take ci, a hankali, ta bar wa mutum tsakiya, yana ganin fuskar wanda ke gabansa yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Ban koma Daura ba. Na shimfiɗa tabarma a zaure na zauna musu. Matar Yaya ta same ni a bayan rumbu ta ce ita ma ta yi nata ƙoƙarin: ta lallaɓa yana ƙailula ta ɗiga masa.

"Me ya ce?"

"Me zai ce? Ya tashi yana tofar da yawu kamar na ba shi guba. Kwana da kwanaki ko sannu. Kunun buɗa-baki ma sai dai in ajiye in kauce." Ta share ido da gefen zanenta. "Kai da kake jin yaren kowa, ka rasa yaren ɗan'uwanka?"

Na rasa kuwa. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na ce masa na ga dattawan ƙasarmu a Kumasi da Ikko ana jansu da sanda, ba wanda ya san a gida masu gona ne da iyali. Ya ce Allah da ya ba shi idon ya san yana azumi. Kullum ina lura da shi. Yau ya ture buta, gobe kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa. In na ɗaga hannu a gefensa ina motsa yatsu, ba ya sani, kuma a ganina kowace safiya sai na ƙara matso da hannun gaba kafin ya ankara. Ko idona ne ke ƙara abin saboda tsoro, ban sani ba. Wata rana bayan La'asar na durƙusa a gabansa, da gwiwoyina da ba sa son durƙuso, na ce ya dubi Allah ya dubi marigayiya Inna.

"Tashi, Auta, kana ba ni kunya. Saura kaɗan a ga wata."

Ba saura kaɗan ba ne. Ko tsakiyar watan ba mu gama wucewa ba.

Abin da bakina ya kasa, gona ce ta yi shi. Ya fita da sassafe zai cire ciyawa tsakanin kunyoyin gero, inda ya shuka wake. Matarsa ta bi shi daga baya don ta tsinko yakuwa, sai ta tarar ya sassare waken kusan layi guda, yana tafe yana saran abin da ke gabansa, bai ga inda bakin fartanyar ke kaiwa ba. Ta nuna masa. Ya tsuguna, ya ɗauki ganyen ya kawo saitin idonsa, ya daɗe yana dubawa. Bayan ya dawo gida, can da yamma ya ce, "Gobe akwai motar Katsina?"

Likitar da ta duba shi a asibitin Katsina 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka na koma sana'ata. Ta auna ƙarfin ruwan idon, ta dubi abin da awon ya nuna, ta dube ni. Ta sa shi ya kalli hancinta tana kawo yatsu daga gefe. Sai da suka zo kusan gaban fuskarsa ya ce ya gani.

Ta tambayi dalilin barin maganin, na gaya mata. Ta dafe goshi. Ta ce ai da ya zo kafin azumi. Akwai wanda ake ɗigawa da dare kawai, akwai na safe da dare, ba dole sai da rana ba. Ɗacin kuma, akwai 'yar hanya daga kusurwar ido ta wajen hanci da ke saukar da ruwa maƙogwaro. Ta kama yatsan Yaya ta ɗora masa a wurin. In ya ɗiga, ya rufe ido ya danne nan na ɗan lokaci, maganin zai tsaya inda ake bukatarsa.

Shi ke nan fa. Ina fassarawa ina jin kamar in fashe da kuka. Duk yawona, duk harsunan da nake taƙama da su, ban taɓa jin wannan ba, kuma ba wanda ya gaya masa ranar da aka miƙa masa kwalbar a cikin turmutsutsun layi.

Yaya ya yi ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Sannan ya ce, "Tambaye ta, Auta. In na koma ɗigawa, wanda ya ragu ɗin nan yaushe zai dawo? Kafin kaka?"

Na tambaye ta. Ta ce ba zai dawo ba. Abin da za a yi yanzu shi ne a tsare ɗan abin da ya saura, shi ma ba ta yi alkawari ba.

Na yi wa 'yan kasuwa tafinta, na yi wa marasa lafiya a ƙasar da ba tasu ba, na yi a gaban jami'an iyaka. Na san yadda ake sassauta magana kafin ta isa kunnen mai ita. Na nemi hanyar sassauta wannan, na tuna cewa in na bar masa ƙofar zai dawo, wata rana zai sake ajiye kwalbar. Na faɗa masa yadda ta faɗa.

Ya ce, "To." Ya laluba hularsa a kan gwiwa ya sa.

A tashar mota Magariba ta same mu. Muka sha ruwa da dabino da kunun wata mai sayarwa. Ya fito da sabuwar kwalbar ya miƙo mini, ya ɗaga kai. Na ɗiga masa. Ya rufe ido, ya danna yatsa inda aka nuna masa, mutane suna ta wucewa ta gabanmu. Da ya buɗe, ya motsa harshe a baki.

"Babu ɗaci," in ji shi.

Abin da ya saura masa kamar mai leƙe ta cikin bututu ne. Da shi ya ƙarasa rayuwarsa, yana ganin fuska in an tsaya masa daidai, yana ganin akushi in an ajiye a gabansa. Gona kuwa bai sake zuwa shi kaɗai ba. Har yau ban san nawa makonnin nan suka ci ba, nawa kuma cutar za ta ci ko da bai ajiye maganin ba. Likitar ma ta ce ba ta sani ba.

Da aka kira motar Daura muka tashi. Sai an tsallaka titi, ga acaɓa ta ko'ina. Ya tsaya a bakin kwalta yana juya kai dama da hagu, a hankali, kamar mai neman wani a cikin taro. Sannan ya miƙo hannu ya kama hannun rigata.

"Mu je, Auta. Kar ka yi sauri."