Gwiwar da Ba Ni Na Fara Ba

Gidanmu a Kende gidan ɗori ne. Kakana ya yi, babana ya yi, ni ma a ciki na tashi, kuma har na kai shekara talatin ban taɓa kawo wa raina akwai mai gadon Baba in ba ni ba. Sai ga taubashina, ɗan ƙanwar Baba, ya dawo gida da damina, a shekarar da aka ba mu mulkin kai.

Shekara huɗu ya yi a wani babban asibiti can gabas, yana aiki a ƙarƙashin masu gashin ƙashi, wato masu karɓar mutum bayan karaya ta haɗe su sake koya wa gaɓa motsi. Mu a wajenmu wannan ba aiki ba ne. In an kwance karan ɗori sai a shafa maka man kaɗe a ce tashi, gona za ta ƙarasa sauran. Wanda gaɓarsa ta ƙage kuwa, a sa ƙarti biyu su riƙe shi, a tanƙwara ta lokaci guda, ya yi ihunsa ya gama. Wasu su dace, wasu su tafi da ɗingishi, a ce haka Allah ya so.

Da farko dariya na riƙa yi masa, ga dama ta samu tunda abokin wasa ne. Mutum ne da ba zai taɓa ƙafar kowa ba sai ya wanke hannu ya nemi izini, sai ka ce ƙafar ta sarki ce. In mace aka kawo, sai ya sa an rufe ta da zane ya bar gurbin ciwon kaɗai, kuma ba zai fara ba sai wata 'yar'uwarta na zaune. In ka tambaye shi a kasuwa me ke damun wane, sai ya ce ka je ka tambayi wanen. Na sa masa suna Likitan Wanke Hannu, ya yi murmushi, ko a jikinsa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Baba ya zauna ya kalli aikinsa kwana uku, sannan ya raba mana: ni ɗori tare da shi, taubashina kuma duk abin da ya biyo bayan kwance kara. A ido rabo ne na adalci. Amma ni mutane a hannuna suke kuka, shi kuma a hannunsa suke tashi su taka. To wa kake jin za a yi wa godiya? Na ɗora wa wata tsohuwa hannu, na sha zagi har da na uwata, bayan wata biyu ta aiko da ƙwaryar fura ta ce a ba "yaron nan mai hannun albarka." Ba ni take nufi ba. Na sha furar, ban fasa ba, amma ko ɗanɗanonta ban ji ba. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Ko tafiyarsa na gani a tsakar gida sai in ji ta tsone mini ido.

Ana cikin haka aka kawo wani makiyayi daga hayin iyaka, ƙasar da a lokacin ake kira Dahome, mu kuma muke ce mata ƙasar Faransa. Iyakar ba ta dami kowa ba, shanu na ƙetare ta safe da yamma. Bijimi ne ya maka shi da ƙasa, cinyarsa ta karye dab da gwiwa. Magidanci ne kamar sa'ana, siriri, marar magana. Ni da Baba muka ɗora shi, ɗorin kuma ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Amma da aka kwance kara sai ga gwiwa ta sandare kamar taɓarya. Abin da ke ransa ɗaya ne: da an gama kaka danginsa za su tashi da garke su bi ruwa da ciyawa, tafiyar kwanaki, kuma wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasa ba zai bi shanu ba.

Taubashina ya karɓe shi. Kullum da hantsi ya gasa gwiwar da tsumma da ruwan zafi, ya yi tausa, ya kwantar da shi rubda ciki a gefen bangon zaure, ya ɗago diddigen a hankali, inda ya tsaya ya ja layi da gawayi a bango. Wani lokaci kwana uku layin bai motsa da faɗin yatsa ba. Ya ɗinka 'yar jakar yashi yana ɗaura masa a idon sawu. Na taɓa jin yana gaya wa Baba cewa Bafillace ba ya cewa da zafi, kunya ba ta barinsa, don haka shi ba bakinsa yake saurare ba, yatsun ƙafarsa yake kallo da gumin goshinsa. Na ji maganar, na ce a raina wannan ma wani iyayin ne. Mutanen gari kuwa suka mai da bangon nan abin kallo. Duk wanda ya shigo sai ya leƙa ya ga ina gawayi ya kai, ya ce madalla. Ba wanda ya tuna wa ya haɗa ƙashin da ake lanƙwasawa a kansa.

Akwai doka a gidanmu da Baba ya karɓa daga kakana, kuma ya sha maimaita mana ita. "Wanda yaf fara gaɓa shi ka gama ta. Ba a sa hannu bisa aikin wani sai da izni nai, kuma ba a kushe hannun wani gaban mai ciwo." Na san ta kamar yadda na san sunana.

Ranar bikin mulkin kai kusan duk gari ya tafi Bagudo, har da Baba. Taubashina kuma an kira shi zuwa garin Sharabi wajen wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, zai kwana can. Da zai fita ya tsaya a kaina.

"Yaya, ga baƙonmu nan. Gashi kaɗai za ka yi mashi. Kak ka wuce layin nan ko kaɗan, don Allah."

"To, ranka ya daɗe, Likita," na ce. "Sai in wanke hannu sau nawa?"

Ya yi dariya ya tafi.

Da hantsi na kawo ruwan zafi. Gida shiru, sai kiɗan da iska ke kawowa daga nesa. Ina gasa gwiwar makiyayin ya ce, da 'yar Hausarsa, an aiko masa saura kwana ashirin a tashi. Ya dubi bango ya dube ni. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma sai na ji bakina na cewa, "Aikin asibiti ai haka yake, ba su gaggawa. Mu da, rana guda muke gama irin wagga."

Ban ce taubashina bai iya ba. Na dai ajiye maganar inda na san za a ɗauka, ya kuwa ɗauka. Ya roƙe ni. Na yi 'yar noƙewa irin ta wanda ke so a ƙara roƙonsa, ya ƙara. Abin da nake hangowa a raina ba gwiwarsa ba ce. Ina hango Baba ya dawo ya tarar da layin gawayi ya haura da taƙi guda, ya tambayi wanda ya yi, a ce ni.

Na kwantar da shi, na dafe cinyar da gwiwata, na kama ƙafar da hannu biyu. Na wuce layin. A gidanmu ihun mai ciwo ne ma'auninmu, in ya kai wani wuri ka san ka tsaya. Wannan bai ce uffan ba. Na ƙara dannawa, shiru. Na ce ashe ma da sauran wuri, na sa nauyina duka. Sai na ji wani abu ya ba da ƙara a ciki, ba irin ƙarar da muke nema ba. Da na duba, tabarmar da ke ƙarƙashin fuskarsa ta jiƙe sharkaf, ya ciji hannun rigarsa har ya huda. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

Taubashina ya dawo washegari da yamma. Ya wanke hannunsa kamar kullum, ya durƙusa, ya daɗe yana lalubawa. Ya tambayi makiyayin me ya faru, makiyayin ya ce ba komai. Ya sake tambaya, ya ce ba komai. Sai ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Na jira ya yi magana, har na shirya amsa, amma bai ce komai ba a gaban mai ciwo. A bayan rumbu ya same ni.

"Ƙashin bai sake karyewa ba," ya ce. "Jijiya ta ka yaga, Yaya. Wagga ba ta ɗoruwa."

Na ce makiyayin ne ya roƙe ni.

"Na sani. Kullum shina roƙona."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba da ya dawo ya taɓa gwiwar, ya dubi bango, bai tambayi kowa ba. Sati guda bai ci abinci tare da ni ba.

Taubashina ya ci gaba da gashi har kumburin ya saɓe, amma gwiwar ba ta ƙara ɗaukar nauyi ba, in ya taka sai ta goce. Da kwanakin suka cika yayan makiyayin ya zo da takarkari zai ɗauke shi. Ya ga yadda ƙaninsa ke dafa bango, ya tsaya a ƙofar zaure, mutane na ji, ya tambaya hannun wa ne ya yi wannan. Ina tsaye. Wallahi na buɗe baki, amma ban yi sauri ba, kuma ba zan ce na so in yi saurin ba.

"Aikina na," in ji taubashina. "Ni nif fara ta."

Maganar ta kai kasuwar Bagudo kafin mako, cewa aikin asibiti na ɓata ƙafa. Mutane suka dawo suna nemana da sunana. Abin da na yi wata huɗu ina so ke nan, na kuma karɓe su ɗaya bayan ɗaya ban gyara zancen ba.

Amma ranar tafiyar ce ba ta barina. Kafin a ɗora shi bisa takarkari, makiyayin ya roƙi taubashina ya gaya masa gaskiya, zai sake bin shanu? Da ni ne, da na ce in Allah ya yarda, in sallame shi da daɗin baki. Taubashina ya ce masa zai yi tafiyar gida da ta masallaci da sanda, amma doguwar tafiya bayan garke, ba ya jin za ta ƙara yiwuwa. Makiyayin ya gyaɗa kai. Aka ɗaga shi aka ɗora bisa takarkari, ƙafar na reto a gefe. Ya yi wa Baba godiya. Ya miƙo mini hannu ɗaya, na karɓa. Sannan ya kama hannun taubashina da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Ni na raba mutumin nan da shanunsa har abada, ina tsaye ina kallon ƙafar da na lalata, amma abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne shi an ba shi hannu biyu ni an ba ni ɗaya.