Ka Bar Mu a Tsakiyar Yumɓu, Baba Madu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, aka kira ni daga Nguru aka ce Baba Madu Kalli mai haƙa burtsatse ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Labarin ya same ni a bakin ramin da ya fara mana a Katuzu, kuma har yau na kasa zama wuri ɗaya.

Baba, shekara talatin kana huda ƙasar Bade ba ka da takardar kowa. In ƙasa ta fito daga rami, sai ka murza a tafin hannu, ka ɗora a harshe, ka tofar, ka ce saura bututu kaza. Masu ilimin boko sun yi maka dariya, daga baya suka riƙa zuwa gaishe ka. Kai ka koya mana cewa ruwan ƙasa hawa-hawa ne: na farko yana maƙwabtaka da masai da takin gona, na kirki yana can ƙarƙashin yumɓu, cikin farin yashi.

A kan haka muka yi faɗa. Ni ne shugaban kwamitin unguwa, gajen haƙurina kuwa ba ɓoyayye ba ne. Da aka taɓa ruwa a bututu na biyar, mata suka rangaɗa guɗa, na ce a sa famfo. Ka dube ni ka ce, "Mahfuz, jikokinka za su sha ko maƙiyanka?" Na ce kanka ya fi yumɓun tauri. Ka yi dariya, ka miƙo mini ɓarin goro. Ban ba ka haƙuri ba, kuma abin yana cin raina.

Yanzu ga mu a bututu na sha ɗaya, yumɓu kawai ke fitowa, ba ka kuwa faɗa wa kowa saura nawa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. In damina ta sauka hanya za ta yanke, injin haƙa kuma sai baɗi. Masu injin sun ce a koma wa ruwan farko kowa ya huta, matanmu kuma har yanzu kogi suke zuwa. Jiya na ɗebi yumɓun na sa a baki, ban ji komai ba sai ƙasa.

Da na je gaisuwa, mai ɗakinka Ya Mairam ta ce, "Ɗana, ko a gadon asibiti cewa yake kada a bari ku tsaya." Daga nan ban zarce ko'ina ba sai wajen masu injin, na ce a ci gaba. In an samu, ladan naka ne. In ba a samu ba, ni mutanen Katuzu za su tuhuma, kuma na yarda.

Ya Mairam, da 'ya'yanku Mus'ab da Zulaihat, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Baba, ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Mu kuma da ka bari da ƙishi, Allah Ya kai mu farin yashi kafin ruwa ya sauka.