Matakalar Ƙofa ta Uku

Yaya Wilma Sedlak 'yar wan babana ce, ta girme ni da shekara shida, kuma har yau da nake da saba'in cif ba ta daina aike na ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana tuƙa injin ɗaga ƙarfe a masana'antar garinmu da ke bakin kogin Monongahela, har ranar da aka kashe wuta aka sallami kowa. Daga nan ta koma dafa abinci a makaranta har ta yi ritaya. Ka ce sai ta zauna ta huta? Ina! Kowace Asabar da hantsi sai ta ɗaure takalmi, ta ɗauki sanda, ta tsaya gaban coci tana jiran duk mai son ya zaga gari a ƙafa ya ji labarinsa. Wata rana ta samu mutum takwas, wata rana ni kaɗai, ni ma don tsoron bakinta.

Yawon kullum a gindin matakala yake ƙarewa. Taki ɗari biyu da goma sha huɗu ne na siminti, daga unguwarmu ta kan tudu zuwa inda Ƙofa ta Uku ta masana'anta take a da. Ta nan iyayenmu ke gangarawa aiki, ta nan suke hawowa baƙi ƙirin da hayaƙi. Bara majalisar gari ta ce matakalar ta tsufa, za a rushe ta da bazara. Hanyar tsira ɗaya ce, jiha ta sa ta cikin wuraren tarihi. Yaya Wilma ta kafa musu ƙahon zuƙa da wasiƙu har suka gaji, suka ce za su turo wata jami'arsu ta duba, rana ɗaya tak.

Ina zaune a kicin ɗinta lokacin da jami'ar ta bugo waya tana neman kwatance.

"Da kin sauko gada, 'yata, ki wuce gidan burodin Kovalik, ki sha kwana daidai sinima, sai ki miƙe. Mu haɗu a Ƙofa ta Uku ƙarfe goma."

Na ji da kunnena, har ina gyaɗa kai, don kwatancen bai da aibu.

Ranar muka tsaya a gindin matakala tun tara da rabi. Goma ta yi, shiru. Sha ɗaya ta gota, shiru. Ina kallon filin ciyawar da ke gabanmu sai na farga. Gidan burodin Kovalik ya ƙone shekara talatin da suka wuce. Sinima ta zama wurin ajiye motoci. Ƙofa ta Uku kuwa ita ce wannan ciyawar.

"Yaya," na ce, "kin san duk abin da kika kwatanta wa yarinyar nan babu ko ɗaya a doron ƙasa?"

Ta dube ni, ta dubi ciyawar. Ban taɓa ganin idonta ya raina fata ba sai ranar, kuma wallahi ta ba ni tausayi. Amma tausayin bai daɗe ba.

"Kai Ludvik da kake zaune kana zuƙar kofina, bakinka ciwo yake yi da ba ka faɗa ba?"

Ba ta ɗaukar wayar hannu, lambar gida kawai ta bayar. Har ta gyara sanda za ta shiga gari nema, sai ga wata matashiya ta ɓullo a ƙafa, rungume da fayil, tana share gumi. Marisol Tate sunanta, kuma ba sai an faɗa ba, ranta a ɓace yake.

"Inna, na'urar nuna hanya ta motata ba ta san ko ɗaya daga wuraren nan ba," ta ce. "Ajiye motar na yi na shiga tambaya. Mai gidan wanki ya ce in bi ta bayan sinima. Wani tsoho ya ce in na ga burodin Kovalik na wuce hanya. Har wata yarinya mai tura jariri, ba ta fi ashirin ba, ta ce ai na kusa, nan Ƙofa ta Biyu ce. Ko haihuwarta ba a yi ba aka rushe wurin!"

Ta duba agogo, ta ce ana jiran ta a wani gari ƙarfe sha biyu, za ta ɗauki hoto daga nan ƙasa ta wuce. Ta kuma faɗa mana gaskiya, matakalar siminti irin wannan suna da yawa a jihar.

"Amma kin zo," in ji Yaya Wilma. "Da abubuwan da babu aka kawo ki. Haka muke a garin nan, 'yata. Shekara goma ina jan mutane ina nuna musu ciyawa ina cewa nan kaza yake a da. Na gaji. Wannan ce kaɗai ta rage da zan ce wa mutum ga ta, ka taka ta. Kuma ba a ganin ta daga ƙasa, hawa za ki yi."

Ba ta jira amsa ba ta kama ƙarfen dafawa ta fara hawa. Wa zai bar tsohuwa mai shekara saba'in da shida ta hau ita kaɗai? Marisol ta bi ta, ni ina baya ina haki kamar tsohuwar mota.

Kowane wurin hutawa a matakalar zango muke ce masa, kowanne da sunansa. Na farko Zangon Tari, inda maza ke tsayawa su kakkaɓe ƙurar ƙirji don kada matansu su ji. Na biyu Zangon Ƙarya, inda ake shirya abin da za a faɗa a gida in an biya ta mashaya. Nan Marisol ta yi dariya, ta ciro biro.

A zangon ƙarshe Yaya Wilma ta jingina da ƙarfe, ta daɗe kafin numfashinta ya dawo. Daga nan ana hango kogi da filin gaba ɗaya.

"Wannan Zangon Jira ne," ta ce. "In jiniya ta yi dogon kuka ba lokacin tashi ba, an san wani ya mutu ke nan. Ba mai bugo waya. Mata sai su fito nan su tsaya, a sallami maza, kowacce tana duba fuskokin masu hawowa. Wadda ta ga nata sai ta ja shi su tafi gida ba magana. Ina shekara takwas na tsaya daidai inda kike, riƙe da rigar uwata. Kowa ya watse, ya rage mu biyu."

Ni na san labarin tun ina yaro, amma sai da na juya baya na goge ido.

Marisol ta ciro waya, ta ce wa waɗanda ke jiran ta su ɗage zaman.

"Inna, ba ni ke yanke hukunci ba," ta ce. "Amma rahoton ni zan rubuta, kuma ban rubuta komai a farkon hawa ba. Ina son kowane zango da hotonsa da sunansa, daga ƙasa. Ki zauna ki huta, baban nan sai ya raka ni."

"Ludvik? Wannan da ko sunan titinsu sai ya yi tunani?" Yaya Wilma ta miƙo min jakarta, ta juya, ta ɗora sanda a takin farko. "Riƙe nan. Mu sauka."